Kayan fet ɗin yara: a haɗa su a gida

Da watan Yuni ya kama, lakwal na shirin rufewa, sai takardu su fara isowa gidaje cikin jakar yara. Za a yi fet ɗin ƙarshen shekara ko ranar al'adu, kowane ɗan jardan da na ƙananan azuzuwa zai fito da shiga: wannan sarki, wannan likita, wancan ɗan kokowa, waccan Sarauniya Mangu. Ina son wannan al'ada. Abin da ba na so shi ne yadda ta koma gasar aljihu, musamman a makarantu masu zaman kansu na Yamai da Maraɗi da Damagaram. Uwa ta yanko shadda ta kai wa tela, ko ta shiga kasuwa ta sayo kayan Spider-Man da aka yi a Sin. Yaro ya sa na awa uku, a ninke a jefa akwati, baɗi sun yi masa kaɗan.

Ra'ayina shi ne a haɗa kayan nan a gida, da abin da ke cikin gidan, yaron yana zaune ana yi da shi. Kuma malamai ne ya kamata su rubuta haka ɓaro-ɓaro cikin takardar, don iyaye ba za su daina gasar da kansu ba.

Mu fara da kuɗi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne a wata tun 2024, kuma mutane da yawa ko wannan ba su samu. Mai gadin da ke da ɗiya uku a makaranta guda, in kayan kowane ɗaya za su ci jaka biyar, an taɓa buhun hatsinsa ke nan. Ba zai zo ya gaya wa darakta ba shi da hali ba. Ranar fet sai a aiko cewa yaron ya kwana da zazzaɓi. Malamai sun san wannan zazzaɓin, kuma sun san kujerun da yake kamawa kowace shekara.

Abin da ya fi ba ni mamaki, mu da muka gaji wannan sana'a mu ne yanzu muke sayenta. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari ke kwaikwayon sarki da gwamna da soja, bindiga da tabarau da na'urar ɗaukar hoto duk na kara. Da azumi ya kai kwana goma yara na fita tashe, an manna wa ɗan shekara takwas gemun auduga, an tura tsumma cikin riga ya zama tumbi, yana tafe da sanda yana rawar tsufa. A Yamai yaran Zabarmawa na da tobay-tobay nasu. Ba a taɓa zuwa kanti don waɗannan ba, kuma unguwa duka takan fito kallo.

Aikin ma bai kai yadda ake tsoro ba. Sarki yana bukatar tsohon gyalen uwarsa a naɗa masa rawani, zanen gado a yafa masa ya zama alkyabba, da sandar kara da aka nannaɗe da takardar cikin kwalin shayi. Ɗan kokowa ya fi sauƙi: gajeren wando, layu na kwali da aka ninke aka lulluɓe da ƙyallayen da tela ke sharewa kullum da yamma, a jera su a zare a ɗaura a damtse da ƙugu. Likita tsohuwar farar rigar babansa ta isa, a naɗe hannu, a sami guntun tiyo da murfin kwalba a yi abin sauraron ƙirji. Tabarau kuwa ɓawon kara ne da totuwa, duk wanda ya taɓa ƙera motar kara ya iya. Gemu auduga ce da ƙaro da aka jiƙa. Ba zai yi kyau kamar na kanti ba, rawanin zai karkace, gemun zai rataye ta gefe guda. To, ɗan shekara biyar ne, da karkacewar ake dariya.

Inda na fi ganin amfanin abin shi ne ranar al'adu. In an ce ɗiyarki ta zo a Bafillatana, ko ɗanki a Ba'abzine, saye ba ya koya wa kowa komai. Haɗawa kuwa dole ta kai ki gidan maƙwabciya ki ce, “Yaya, nuna mini yadda ake wannan kitso,” ko maigida ya tambayi abokinsa yadda ake naɗa rawani har ya rufe baki, yaro na tsaye yana ji. Za a yi tsokana, za a yi dariya, irin barkwancin nan namu da UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2014. Yaron zai je lakwal ya san sunan abin da ke jikinsa da wanda ya ara masa.

Na san abin da za a ce. Uwa mai aikin ofis ko mai talla a kasuwa ba ta da lokaci, kuma yaron da ya zo da takobin kwali zai yi kuka in ya ga na kusa da shi yana ƙyalli. Na biyun gaskiya ne, shi ya sa nake cewa doka ta hau kowa, har ɗan darakta. Na farkon kuma makaranta na iya rage shi: madam ta ware yamma guda, yara su kawo kwali da kara da ƙyalle, uwayen da ke da sarari su zo, a yanka a manna tare. Darasin aikin hannu ne da ma yake cikin tsarin karatu, sai dai sau da yawa a kan takarda yake ƙarewa. Kwamitin COGES na iya sayen almakashi da zare da kuɗin da bai kai na hayar lasifika ba.

Sai a kiyaye ƴan abubuwa. Auduga da yadin leda wuta suke jira, kada mai gemu ya kusanci murhu ko mai gasa nama a bakin ƙofa. Kada a ɗaura igiya a wuyan ƙaramin yaro, kada a rufe masa hanci da abin fuska, kuma a ɗinke maimakon a soka allura. Tsagen fuska a zana da kwalli, ban da alƙalamin maka. A tuna da zafin Yuni: riga uku a kan yaron da zai tsaya a rana yana jiran manyan baƙi su iso azaba ce.

Kyautar “wanda ya fi kyan shiga” kuwa a soke ta. In dole sai an ba da wani abu, mushe ya durƙusa ya tambayi kowane yaro, “Wa ya yi maka wannan? Da me aka yi? Wane wuri ne kai ka manna?” Wanda ya iya bayani a ba shi kaye da fensir.