Wa Zai Yi Wa Mai Tuwo Rajista?

Duk wanda ya bi ta Bompai da tsakar rana ya san inda ma'aikatan masana'antu suke nufa idan an tashi cin abinci. Rumfunan masu tuwo ne da masu shinkafa da wake a bakin ƙofa. Haka abin yake a Sharaɗa da Challawa. Yawancin matan nan a gindin murhun uwa ko uwar ɗaki suka koyi sana'a, ba su da takardar shaida ko ɗaya. Su muka fara tunawa da muka ji batun dokar NIHOTOUR.

NIHOTOUR cibiya ce ta Gwamnatin Tarayya mai koyar da girki da aikin otal, tana kuma da reshe a Bagauda, nan jihar Kano. An kafa ta a ƙarshen shekarun 1980, kuma da can koyarwa ce aikinta. Dokar 2022 ta ƙara mata ikon yi wa masu wannan sana'a rajista da ba su shaida. Da aka fara tilasta wa otal-otal a Legas a 2025 sai rigima ta tashi, har Minista Hannatu Musawa ta dakatar da tilastawar. Masu otal sun tuna wa gwamnati cewa tun 2013 Kotun Ƙoli ta ce kula da otal-otal hurumin jihohi ne.

Mu ba ma ƙin rajista. Wanda ya taɓa kwana yana gudawa saboda miyar jiya da aka ɗumama ba zai ce a bar kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Abin da muke tambaya shi ne ta wace ƙofa za a shiga. Idan takardar makaranta ce kaɗai sharaɗi, to mu da muke karanta darasin abinci a aji za mu wuce, matar da ta shekara ashirin tana ciyar da ma'aikata kuwa ta tsaya a waje. Alhali da yawa daga cikinmu, in za mu faɗi gaskiya, ba mu iya tuƙa tuwon mutum goma ba gudaji ba. A ganinmu a gwada ta a gaban tukunya: tsabtar hannu da ruwa, yadda take ajiye nama, yadda take rufe abinci. A yi gwajin da Hausa, kuɗin kuma ya zama wanda ciniki zai iya ɗauka.

Sai batun shugabanci. Ba sabon abu ba ne a Kano masu sana'a su kasance da shugaba. Mahauta suna da Sarkin Fawa, mahauci ne ɗan'uwansu, ya san inda ke yi musu ƙaiƙayi. Shugaban cibiyar kuwa gwamnati ke naɗa shi, kuma cibiyar da ke koyarwa ita ce ke ba da shaida. Don haka muke so duk wanda ya biya kuɗin rajista ya sami ƙuri'ar zaɓen wakilansa, a riƙa karanta masa lissafin kuɗin kowace shekara, wanda aka hana shaida kuma ya san inda zai kai ƙara. Ofishin ƙarar ya kasance cikin gari, domin mai tuwon Bompai ba za ta rufe rumfa yini guda ta tafi Bagauda ba.