Kumburin da ake ɓoyewa cikin wando

Duk wanda ya tsaya a kasuwar Dole ta Damagaram, ko bakin hanyar Galmi lokacin lodin albasa, ya ga ƴan dako suna saɓar buhu tun safe har magariba. Abin da bai gani ba shi ne ƙyallen da wasunsu suke ɗaure mara da shi. Ƙaba ce, wadda idan ta sauka cikin maraina ake ce mata gwaiwa, jama'a kuma suka maida ta abin dariya.

Asalinta rauni ne a bangon ciki, inda hanji yake samun kafa ya turo ƙarƙashin fata. Kusan uku cikin huɗu na irin wannan ciwo a matsematsi suke fitowa. Likitoci sun ƙiyasta maza 27 bisa 100 za su gamu da ta matsematsi a rayuwarsu, mata kuwa 3 bisa 100. Ɗaukar kaya yana buɗe kafar, amma ba shi kaɗai ba. Tsohon tari na mai shan taba ko mai tarin fuka, yunƙurin bayan gida, dattijon da fitsari yake yi wa gardama, ƙiba, duk suna matsa ciki. Ma'aikacin da ke zaune a biro, kada ya ce ya tsira.

Mata suna da nasu rabo: haihuwa a kai a kai tana sassauta cibiya, tabon fiɗar haihuwa ma yakan buɗe daga baya. Ta saman cinya, wadda ta fi samun mata, ƙarama ce ga ido amma ta fi saurin shaƙewa. Cibin yara dai yawancinsa yana rufewa da kansa kafin shekara 5. A bar ɗaura masa kwabo.

Ga babba kuwa ba saiwa ko laya da ke ɗinke kafar, sai fiɗa. Idan an yi ta da shiri, aiki ne na awa guda ko ƙasa da haka, ana yin sa a asibitocin Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa da Galmi. Amma mutanenmu sukan jira, don kunya, ko don a gama girbi, ko don kuɗi. Ranar da kumburin ya ƙi komawa, ya yi tauri, ga ciwo ga amai, ciki ya ɗaure, to hanji ya shaƙe, kuma cikin awa 6 yana iya fara mutuwa. A nan sai yanke hanji, idan ma an iso da rai daga ƙauye bisa amalanke.

Ni a ganina, alhazan da ake yi wa dakon nan suna da haƙƙi a wuyansu. Maigida ya fi kowa sanin yaronsa da ke dafe mara in ya sauke buhu. Ya kira shi gefe ya tambaye shi, ya biya masa ganin likita, ya kuma riƙe masa wurinsa har makonnin da likita ya hana shi ɗaukar nauyi su cika.