Kiɗa linzamin ƙafa ne

Sanin kowa ne tafiyar ɗan kokowa idan ya shigo fili ba irin wadda yake yi zuwa kasuwa ba ce. Tun shekarar 1975 da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa, ƴan kallo abu guda suke gani: da zarar makaɗa sun ɗauki taken ɗan wasa, sai ƙirjinsa ya buɗe, takunsa ya yi faɗi, ya riƙa dukan ƙasa da diddige kamar yana bin ta bashi. Ƙafar dai ita ce ta jiya, abin da ya shiga kunne shi ya sake ta. Haka nan a Damagaram ranar hawan salla, tambari da kakaki su ke aza wa fadawa tafiyar ƙasaita, har ɗan kallon da bai gaji sarauta ba sai a ga ya rage sauri.

Waɗansu na cewa ba wani abu ba ne illa saurin bugu: in an buga da sauri a yi sauri, in an sassauta a sassauta. Akwai gaskiya a ciki. Sojan Faransa taku 120 yake yi cikin minti guda, amma rundunar baƙi ta Lejiyo taku 88 take yi, shi ya sa ma ake barin ta a ƙarshen masu ƙasa wajen faretin 14 ga Yuli a birnin Paris.

Amma fa maganar ba ta tsaya nan ba. A shekarar 2013 masana na jami'ar Gand ta ƙasar Beljiyam sun sa mutane tafiya da kaɗe-kaɗe iri iri, dukansu bugu 130 a minti. Kowa ya bi bugun, yawan taku bai sake ba. Duk da haka kiɗa mai zuga ya sa sun tsawaita taku, mai sanyaya rai kuwa ya gajarta shi. Ashe zuciya ce ke auna wa ƙafa nisan da za ta miƙa. Mai gangar noma da ke zuga samari wurin gayya ya daɗe da sanin wannan, ko da bai taɓa shiga lakwal ba.

To, tun da haka ne, bai kamata a ci gaba da ɗaukar kiɗa abin biki kaɗai ba. Likitoci a ƙasashe da dama suna amfani da bugu mai tsari wajen koya wa masu cutar karkarwa ta Parkinson da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye sake tafiya, kuma takunsu yakan daidaita. Magani ne da ba sai an yi odarsa daga waje ba. Ƙasar da ke da kalangu da gurumi a kowane gari ba ta da hujjar barin majinyatanta suna jan ƙafa cikin shiru. Ya dace ma'aikatar kiwon lafiya ta zauna da makaɗa, a gwada, a ga wane kiɗa ne ya fi karɓar tsohon da ya tashi da shi.

Sai dai linzamin nan yakan ja mutum inda bai nufa ba. A titunan Yamai da Maraɗi ana ganin samari kunne toshe da waya, kiɗa ya ɗebe su, suna tsallaka kwalta da takun ɗan kokowa, alhali ɗan kabu-kabun da ke tafe bai ji taken da ake yi musu ba, su kuma ba su ji odarsa ba.