Gashin sankarar mama bai kamata ya bar zuciya da tabo ba

Mace da aka yi wa tiyatar sankarar mama, aka kuma tura ta gashi, hankalinta yana kan abu ɗaya: kada cutar ta dawo. Gashin kuwa yana aikinsa. Nazarin da aka buga a mujallar Lancet a 2011, wanda ya haɗa mata fiye da 10,000, ya nuna cewa gashi bayan tiyatar cire ƙullutu yana rage dawowar cutar da kusan rabi cikin shekara goma. Sai dai zuciya tana kwance ne a bayan ƙirji ta ɓangaren hagu, kuma hasken da ake harba wa maman hagu yakan taɓa gabanta, musamman babbar jijiyar jinin da ke sauka ta gaban zuciya.

A 2013 Farfesa Sarah Darby ta Jami'ar Oxford da abokan aikinta suka bi diddigin mata 2,168 da aka yi wa gashi a Suwidin da Danmak tsakanin 1958 da 2001. Sun gano cewa duk ƙarin gire ɗaya na hasken da zuciya ta sha yana ƙara haɗarin manyan cututtukan jijiyoyin zuciya da kashi 7.4 cikin ɗari. Haɗarin yana farawa cikin shekaru biyar na farko, ya kuma daɗe fiye da shekara ashirin. Na'urorin wancan zamani sun fi na yau watsa haske, amma darasin bai canza ba.

Ra'ayina shi ne kare zuciya ya zama wajibi a duk gashin maman hagu. Hanyar ba ta da tsada. Majiyyaciya ta ja dogon numfashi ta riƙe na kimanin daƙiƙa ashirin, huhu ya cika da iska, ya tura zuciya baya da ƙasa, nesa da bangon ƙirji, sannan a kunna na'ura. Wannan kaɗai yakan rage abin da zuciya ke sha da kusan rabi. Binciken HeartSpare a Ingila ya nuna ana iya yin hakan ba tare da wata na'ura ta musamman ba, in dai an horar da majiyyaciya kuma an lura da alamun da aka yi mata a fata.

Wani zai ce cibiyoyin gashi a Najeriya kaɗan ne, irin na Zariya da Sakkwato da Abuja, layi kuma yana da tsawo, riƙe numfashi zai ƙara 'yan mintuna ga kowace majiyyaciya. Gaskiya ne. Amma 'yan mintunan sun fi sauƙi a kan ciwon zuciya bayan shekara goma, ga matar da wataƙila ta riga ta sha doxorubicin ko trastuzumab, magungunan da su ma kan gajiyar da zuciya, ko take fama da hawan jini ko ciwon suga.

Don haka kada tsoron zuciya ya sa kowa ya ƙi gashi, domin amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa nesa ba kusa ba. Abin da ya dace shi ne majiyyaciya da danginta su tambayi likita kai tsaye: gire nawa zuciyata za ta sha a wannan tsarin, kuma ana iya yi min da riƙe numfashi? Su kuma shugabannin cibiyoyin gashi su sanya amsar a cikin ƙa'idar aikinsu.