Zauren Shari'ar Sarki Da Gonakin Kudancin Katsina

Duk wanda ya san ƙasar Mahuta da Malumfashi da Funtuwa ya san babu rigimar da ta fi ta gona daɗewa. Kaka ya fara ta, jika ya gada. A zamanin En'e, in alƙalin gunduma ya yanke hukunci mutum bai gamsu ba, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa birni, har magana ta kai Gidan Korau, watau fadar Sarkin Katsina, inda Sarki ke zaman shari'a da 'yan majalisarsa.

Da Turawa suka zo ba su rushe wannan kotu ba. Sun bar mata iko har na hukuncin kisa, sai dai Gwamna ya tabbatar. A 1960 aka soma aiki da dokar Final Kod. A 1967 kuwa aka soke kotunan sarakuna a Jihar Arewa, ƙarƙashin Gwamna Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo. Watau hukuncin ɗa bai tsallake zauren ubansa ba. A 1968 kotunan yanki suka maye gurbin na En'e.

Dalilin sokewar ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya naɗa hakimi, da wuya talaka ya saki jiki ya kai ƙarar hakimin gabansa. Amma soke iko daban, watsi da tarihi daban.

To, abu biyu suka rage: zaure da littattafan shari'a. Zauren shaida ne na gwanintar maginan Hausa. Littattafan kuwa sun fi shi saurin halaka, don gara da ɗigon damina ba su san darajar takarda ba. Alhali cikinsu ake samun iyakar gona, da rabon gado, da sunayen shaidu. A Kano, shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 sun tsira, har aka fassara su daga Larabci aka buga a 1994.

Katsina ta riga ta nuna hanya, tun da ta mai da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina gidan tarihi. Saboda haka ya kamata Majalisar Sarki da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha su haɗa kai, a adana zauren, a tattaro littattafan alƙalan gundumomi duk inda suke, a ɗauki hotonsu. Dattawan da suka ga iyakokin da idonsu suna ta ƙarewa, wata rana takarda kaɗai za ta yi wa manomi shaida. Allah Ya sa a farga da wuri.