Allura Ɗaya, Lambobi Barkatai



Idan likita ya gano ƙari a cikin mutum, sau da yawa sai ya soka siririyar allura ta fata, ya ɗebo ɗan nama, a kai ɗakin gwaji a ga ko ciwon daji ne. A Amurka, kamfanin inshora ba ya biyan ko sisi sai an mai da wannan aiki lambobi. Sukar allurar tana da lamba 49180 a kundin CPT, wanda ƙungiyar likitocin ƙasar ta fara fitarwa a 1966. Hoton da ke nuna wa allura hanya da tasa lambar: 76942 idan duban ciki ne, 77012 idan na'urar CT ce. Mai duba naman a ɗakin gwaji shi ma da tasa.

Ban ga aibun lambobin ba. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ake ɗora wa kuskure.

Ku saurara da kyau. Lambar 49180 ta ƙarin da ke cikin ciki ce ko ta bayansa. In a hanta aka soka, lambar 47000 ce. In a ƙoda ne, 50200. To a ce likita yana sauri, bai rubuta gurbin da allura ta shiga ba. Ma'aikacin lissafi bai koma ya tambaye shi ba, ya zaɓi lamba da ka. Kamfani ya duba, ya ce takarda ba ta dace ba, ba zai biya ba. Wa ake aika wa takardar bashi? Mara lafiya. Shi ya yi rubutun? A'a. Shi ya zaɓi lambar? A'a. Mutumin da ya kasa barci yana jiran a ce masa daji ne ko ba daji ba, shi aka bari da buga waya daga ofis zuwa ofis. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kada mu ce abin na nesa ne. Tun 2022 doka ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, kuma duk mai katin inshora ya san zaman jiran "kod", wato lambar izinin kamfanin inshora, a bencin asibiti kafin a yi masa babban gwaji. Ana jiran izini, ƙari kuwa ba ya jiran kowa. Wasu sukan gaji su biya daga aljihu, wasu su koma gida sai ciki ya kumbura.

Don Allah likitoci, ku rubuta gurbin da kuka soka da na'urar da kuka yi amfani da ita. Masu lissafi, in rubutu bai fito ba, ku tashi ku tambaya. In an yi kuskure, asibiti da kamfani su gyara a tsakaninsu, kada takardar ta isa hannun mara lafiya.