A Kira Malam Tun Ranar Farko

Yawancin wasannin koyon karatu da matasanmu ke haɗawa a waya, ciwonsu ɗaya ne. Zane ya fita, kiɗa ya yi daɗi, amma malamin aji bai ji labari ba sai ranar ƙaddamarwa, a ba shi kujera a sahun baya. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

The Oregon Trail, wasan da yaran makarantun Amurka suka shafe shekaru suna bugawa, daga aji ya fito. A 1971, a birnin Miniyafolis, Don Rawitsch yana gwajin koyar da tarihi, yana neman yadda ɗalibansa za su ji a jikinsu wahalar da masu ƙaura zuwa yammacin ƙasar suka sha a ƙarni na 19. A takarda ya fara tsara shi. Abokan zamansa, Bill Heinemann da Paul Dillenberger, masu koyar da lissafi, su suka ɗora shi a kwamfuta. Ko hoto babu, na'ura ce ke buga rubutu a takarda, amma yara suka riƙa yin layi. A Sudan ma, da ƙungiyar War Child ta Holan ta tashi haɗa wasan lissafi domin yaran ƙauyukan da ba su da makaranta, sai da ta zauna da ma'aikatar ilimi da Jami'ar Mata ta Ahfad, aka ɗora shi kan manhajar karatun ƙasar. Daga baya shirin ya isa Chadi.

Komai gwanintar mai haɗa wasa, da wuya ya san cewa ɗan aji ɗaya yana rikita b da d, balle a zo kan ɓ da ɗ, ko cewa "ts" haruffa biyu ne amma sauti ɗaya. Malamar da ta daɗe da alli a hannu ta san wannan. Ta san a wane mako yaro ke fara gajiya da baƙaƙe, ta san wayar gidansu ɗaya ce, kuma sai dare wayar take dawowa daga kasuwa. Ita ma tana bukatar mai haɗa wasan, domin in aka bar mu da malamai zalla, jarrabawa za su kawo mana da sunan wasa.

Abin da na ƙi shi ne a ɗebi iliminta kyauta, a sallame ta da kuɗin mota. Duk hukumar da za ta ba da kwangilar irin wannan aiki, ta sa sharaɗi: malaman firamare su shiga tun ranar farko, a gwada wasan a azuzuwansu, ladansu kuma ya fito cikin kasafin aikin, kusa da na injiniya.